Kifin Peniasi da Firizar Makelesi

"Lafiya lau muka tashi, ɗan gwaggo. Kai kuma wace iska ta koro ka da buhu yana ɗiga mini ruwa a ƙofa?"

Makelesi ke nan, tana gurzar kwakwa a barandar gidanta da ke bakin kogin Rewa, gaba da garin Nausori kaɗan. Mai buhun kuwa Peniasi ne masunci, taubashinta: uwarsa da ubanta ciki ɗaya suka fito. Laraba ce da hantsi, kuma duk layin an san kwana huɗu ke nan da yanke masa wuta.

"Ziyara na kawo wa matata. Laifi ne?"

"Matarka? Ina cikin haske zan auri mai laluben bango?"

"Wa ya ce yanke mini aka yi? Ni na sallami 'yan wutar. Mitar nan gudu take kamar ɗan wasan zari-ruga, na ce ta zauna ta huta."

"Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Nawa suke bin ka?"

"Dala ɗari da arba'in kacal. Kuɗin cingam ɗina."

"To, tofar da cingam ɗin ka kai musu mana."

Peniasi ya kwance buhun. Manyan kifaye ne goma sha biyu, kamun asuba. Kasuwar da za ta biya shi da daraja sai Asabar, firjinsa kuwa ya zama akwatin ajiye takalma.

"Aron sanyi nake nema, 'yar kawu. Kwana uku rak."

"Ruwa ba ya tsami banza! Firizata wuta take sha kamar yadda kake shan jiƙon saiwar yangona a gidan biki. Wa zai biya?"

"Biya? Ni fa ɗan mace ne. A al'adarmu komai na gidan kawuna nawa ne. In na ga dama yanzu in ɗora firizar a ka in tafi, ba mai cewa uffan."

"Bismilla, ɗauka. Sai dai ba ta kawunka ba ce, ni ma ba ta zama tawa ba tukuna. Ta masu shago ce. Saura biya biyu, dala casa'in, sun ce in ban biya ba Juma'a za su zo da mota su ɗauke ta. Ka ɗauke ta har da bashinta."

Peniasi ya saki buhu ya hau tafi yana taka rawa.

"Jama'a, ku fito! Ashe gwano ba ya jin warin jikinsa!"

"Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma nawa sanyi yake bayarwa, naka duhu."

Tana dariya, amma ita ta san abin da ke gabanta. Da ƙanƙarar da take sayar wa 'yan makaranta take riƙe gidan tun rasuwar mijinta. Sukari ya tashi, gas ya tashi, kuɗin ruwa ma ya bi sahu. In firizar ta tafi, sana'ar ta tafi.

Ta ajiye magurji, ta ɗaga kifi ɗaya ta leƙa kumatunsa.

"Saurara, sarkin duhu. Gobe zan kai huɗu wa mai gidan abinci a Nausori, ita hannu da hannu take biya. In sallami masu shago. Asabar in sayar da sauran, Litinin in kai wa 'yan wuta nasu. Ƙanƙarata ta biya ka casa'in ɗinka, goma-goma duk mako."

"Ke za ki kai? Kuɗina fa?"

"Hannunka rariya ne. Kafin ka iso tasha, mutum bakwai sun roƙe ka, ka ba takwas."

"Kyauta gadon gidanmu ce!"

"Shi ya sa gidanku ya gaji kyandir."

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Ni da shiga ruwa tun asuba..."

"To mayar da su ruwan. Ko ka rataye su a ɗakinka, zuwa Juma'a ƙudajen birnin Suva ma za su zo yi maka gaisuwa."

Ya dube ta, ya dubi kifin, ya shiga jera su a firiza yana ƙunƙuni.

Juma'a ta zo ta wuce, ba motar da ta tsaya a ƙofar Makelesi. Litinin da azahar ta miƙa masa takardar biyan wuta da ragowar dala saba'in na man kwale-kwale. Ya juya takardar gaba da baya, sannan ya zaro wani ƙulli daga bayansa. Ƙaguwa ce guda biyu, manya, an ɗaure su da igiya.

"Na sallama, 'yar kawu. Kin fi ni kai."

"Ƙara faɗa da ƙarfi, maƙwabta ba su ji ba."

"Karɓi kafin su cije ni in fasa!"

Ta karɓe, tana dariya har da riƙe ciki.