Malam Jan Biro da Wasiƙar Hedikwata

Duk makarantar nan babu mai Turanci irin na Malam Jan Biro, kuma shi da kansa ne shaida. Allah ya yi masa baiwa: in ka miƙa masa takarda, ba ya ɓata lokaci kan abin da aka ce, sai yadda aka faɗe shi. Inda ya fi shahara shi ne ganga dogarau, wato guntun jimlar nan da ba ya iya tsayuwa sai ya jingina da babba. Tun daga nesa yake hango ta, ya ja mata layi, ya rubuta aikinta a sama: wannan suna, wannan sifa, wannan bayanau.

"Karatu na kowa da kowa ne," in ji shi a ɗakin malamai, yana gyara zaman tabarau. "Ni fiɗa nake yi wa jimla."

Ko takardar asibitin matarsa bai ƙyale ba. Likita ya tashi da maki uku cikin goma.

Abu ɗaya ke ci masa rai, kujerar mataimakin shugaban makaranta. Shekara goma sha ɗaya yana haɗiyar yawu a kanta. Har ya ɗinka kwat, ya zaɓi bangon da zai rataye hotonsa.

Ran Litinin masinja ya kawo masa wasiƙa daga hedikwata, jimla ɗaya doguwa mai ganga har biyar. Daɗi ya kashe Malam. Ya ja layi, ya kewaye, ya kamo waƙafi biyu da suka ɓata hanya. Ya ba da huɗu cikin goma, ya rubuta a ƙasa cewa a sake, ya mayar wa masinja.

"Ka gaya wa wanda ya rubuta, ina koyarwa kyauta ran Asabar."

Ran Juma'a shugaban makaranta ya tara malamai ya sanar cewa malamin motsa jiki ne sabon mataimaki. Malam Jan Biro ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni ko ganawar tantance masu neman kujerar ba a kira ni ba."

Shugaba ya buɗe fayil ya zaro wasiƙar da hedikwata ta dawo da ita, ta yi jawur da biro.

"An kira ka, Malam. Laraba, ƙarfe goma. Ga wurin nan, har layi biyu ka ja masa." Ya ninke ta a hankali. "Darakta ne ya rubuta da hannunsa. Ya ce a gode maka da makin."