Munsharin Tsohuwar Kwamfuta

"...da gajiya? Ya ciwon gwiwa? Ya sauran haƙoran da suka rage?"

"Suna nan lafiya, sun ce in gaishe da gemun nan da ya ƙi fitowa."

Haka Kaka ta amsa wa jikanta tun daga bakin shagonsa, tana laluben inda za ta dasa sandarta. Shagon kuwa sai mutum ya yi addu'a kafin ya sa ƙafa. Tsofaffin kwamfutocin ofis ne jibge har rufi, irin masu nauyin buhun siminti, waɗanda duniya ta manta da su, shi kuma yake tayar da su yana sayar wa masu sha'awar kayan da. Ita ta laƙaba masa Likitan Gawa, sunan kuwa ya bi shi.

A kan teburinsa tata kwamfutar take zaune. A kanta Kaka ta ƙarar da ƙuruciyarta tana zanen gine-gine, da ofishinsu ya rufe aka ce ta tafi da abarta. Yanzu ɗanta, uban Likita, zai mayar da Kaka gidansa, ya kuma yanke hukunci: ɗakin ƙarami ne, abin da ke aiki kawai za a ɗauka, sauran na mai sayen ƙarafa ne. Motar kaya kuwa gobe za ta zo.

"To, maigidan banza, ina mara lafiyata? Ta farfaɗo ko ka ƙarasa ta?"

"Wacce daga ciki? Tsofaffi biyu gare ni a shagon nan, ɗaya ce kawai ake samun kayan gyaranta."

"Ka ji ɗan ƙwal uba. Ni da na wanke maka kashi."

"Ni ma na wanke wa ƙawarki. Kaka, me alawa take yi a cikin kwamfuta?"

Kaka ta juya tana kallon bango, kamar an rubuta wani abu a jiki. "Wace alawa?"

"Wadda ta narke ta malale allon ciki. Da na kwance murfin, tururuwa na tarar sun kafa gari, har da mai unguwa."

"Su suka kawo abarsu."

"A cikin leda? Da ƙulli irin naki?"

"To ina kake so in ɓoye? Ubanka ya hana ni zaƙi, ku kuma ɓerayen jikoki ba inda ba kwa sa hannu. Nan ne kawai kuke tsoron taɓawa."

"Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Bari in kira Baba."

"Kira shi. Ni ma in faɗa masa wanda ya fasa masa gilashin mota aka ce iska ce."

Likita ya mayar da wayar aljihu, don ya san tsohuwar nan ba ta ajiye makami sai da wasa. Ya jawo mata kujera, ya shiga lissafa mata aikinsa yana hura hanci. Ya wanke allon tas. Ya cire kafasitoci, ƙananan gwangwanayen nan masu riƙe wuta, da suka kumbura suka zubar da ruwa, ya liƙa sababbi da dalma. Batirin da ke riƙe mata agogo ya mutu tun shi yana rarrafe, shi ma ya canja. Har jikinta da ya koma ruwan ƙwai ya goge sai da ya yi haske.

"Wato kin ga, an yi mata abin da asibiti ya kasa yi miki."

"Yabon kai jahilci. Kunna mu gani."

Ya danna. Ƙaramar fitila ta kawo kore, babban gilashin ya yi ƙyas, rubutu ya fara hawa layi bayan layi. Zuciyar Likita fes, don wallahi ya sha wuya a kan injin nan, har ƙuna biyu ya samu a yatsa. Ya harɗe hannu yana jiran a sa masa albarka.

Kaka ko kallon gilashin ba ta yi ba. Ta karkata kai, ta kara kunne a jikin akwatin, ta daɗe a haka. Da ta ɗago fuskarta ta canja.

"Ka kashe ta."

"Ga ta tana aiki a gabanki. Ko idon ma ya tafi hutu?"

"Ba ta numfashi."

"Au, fanka? Ai na cire waccan mai ihu kamar injin niƙa, na sa mata sabuwa. Ko jariri ba za ta tasa daga barci ba."

"Wa ya aike ka?"

"Gyara kika ce in yi."

"Garin neman gira ka tsone ido. Na ba ka mace mai munshari, ka dawo mini da kurma mai kwalliya."

"Kaka, sabo turken wawa. Mutane kuɗi suke kashewa don su samu shiru."

"Su je su saya. Ni na ƙoshi da shi kyauta."

Ya buɗe baki zai mayar mata, sai ya ga ba harararsa take yi ba, hannunta ne a kan akwatin tana shafawa. Ya fasa.

"Tun da kakanku ya rasu gidan nan ya yi mini shiru," in ji ta. "Ita nake kunnawa in zauna, tana ruri ina jin kamar da mutum. Da ta daina ne na san kaɗaici. Gidan ubanka kuwa komai lumus, ƙofa ma ba ta ƙara. Tsoron shirun can nake ji, ɗan nan. Zane kam na gama, yatsun sun ƙi."

Kunya ta kama Likita, ya rasa inda zai sa ido. Shi da yake taƙamar ya san ciwon kowane inji, bai taɓa tambayar me take yi da abar ba. Ya durƙusa ya kife kwandon shara, ya shiga tono cikin guntayen waya da ƙonannun kafasitoci har ya zaƙulo tsohuwar fankar. Ya busa mata iska, ya goge ta da bakin rigarsa, ya ɗauko man keken ɗinki.

"Kada ka sa da yawa."

"Ɗigo ɗaya, don kada ta ci wuta. Ke ma da za ki yarda da na ɗiga miki a gwiwa."

"Ɗiga wa bakinka, ko ya huta."

Ya kashe injin, ya kwance sabuwar, ya ɗaura tsohuwar, ya mayar da murfi. Da ya danna sai ta yi tari, ta yi gurnani, sannan ta kama ruri har ƙananan kusoshin da ke kan tebur suna rawa. Mai shagon kusa ya leƙo ya ga ko janareto aka tayar.

Kaka ta lumshe ido ta jingina da kujera. "Yauwa. Ga ƙawata."

"Baba zai kore ku ku biyu kafin sati."

"Cewa ya yi abin da ke aiki. Wannan ko daga titi ya tsaya zai ji tana aiki."

"To sai a biya likita."

"Na janye banzan, ka koma maigida. Kuma in na mutu taka ce, na ba ka."

"Kyautar ranar da ba ta zuwa. Ke da za ki binne mu duka? Tsakaninki da ita ma ban san wa zai riga wani ba."

Kaka ta yi dariya har sandarta ta faɗi.

"In ta riga ni, ka tashe ta, aikinka ne. In na riga ta, ni ba ni da kayan gyara. Ka dai riƙa kunna ta, kada shagon ya yi maka shiru."