Yadda Za Ka Zama Gwanin Ƙwallon Kwando Bayan An Tashi Wasa

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin azumi ya zagayo duk majalisar garin Greensboro na Amurka za ta riƙa yin tsit in ka buɗe baki kan ƙwallon kwando. Ba sai ka taɓa riƙe ƙwallo ba. Malam Tassiou, direban tasi ɗan Maraɗi da ke zaune a McLeansville, bai taɓa ba, kuma a wurinsa na kwashi wannan ilimi.

Mataki na 1: Ka ja bakinka ranar zaɓe

Ranar da manyan ƙungiyoyi ke zaɓen sababbin 'yan wasa, kada ka ce uffan. Tassiou kan zauna a shagon askin Zakaria, ya zuba wa talabijin ido. In an kira sunan yaro, sai ya girgiza kai ya ce, "Hmm." Wannan "hmm" ɗin gona ce, komai ka shuka daga baya zai fito.

Mataki na 2: Ka jira shekara uku

Haƙuri dai. In yaron da aka zaɓa ya karya gwiwa, ka ce tun a tafiyarsa ka ga alamar. In wanda aka tsallake ne ya zama tauraro, ka tafa hannu ka ce ko makaho ya ga wannan. Ihu bayan hari abin kunya ne a wurin wasu. Mu sana'armu ce.

Mataki na 3: Kowace musaya cuta ce

In ƙungiyarka ta sallami tsohon ɗan wasa, butulci ne. In ta riƙe shi, ta buɗe gidan gajiyayyu. Ka riƙa cewa "mun yi asara", kamar da guminka aka gina filin.

Mataki na 4: Kada ka yarda a ce ka zaɓa da kanka

Nan Tassiou ya zame. A bazarar 2006 samarin Nijar suka shirya karawa da 'yan Ghana a wani fili wajen Sedgefield. Zakaria ya ajiye almakashi ya ce, "Malam, tunda manajojin Amurka ba su kai ka gani ba, kai za ka zaɓa mana."

Da yake majalisa na kallo, Tassiou ya yarda. Ya jera samarin, ya bi dogaye yana nunawa. Da ya iso kan Nouhou, ƙanin matarsa, wanda bai wuce masa kafaɗa ba, sai ya dafa shi.

"Bon, Nouhou, wasan nan ba na gajeru ba ne. Ka riƙe mana ruwa."

Nouhou ya tsallaka wurin 'yan Ghana, suka ba shi riga. Ranar ya yi ta ratsa dogayen Tassiou ta ƙarƙashin hammata yana zuba ƙwallo a kwando, har su Zakaria suka daina ƙirga maki suka koma kallon Malam.

Mataki na 5: In ta kwaɓe, ka ce da gangan ne

Da ya isa gida, matarsa Assibi ta ajiye masa tuwo ta zauna.

"Baban Chamsiya, na ji an ce yau ka yi kyautar ɗan wasa."

Ya gyara murya. "Ai dabara ce. Yaron nan sai an fusata shi yake nuna kansa. Ni na gina shi."

"Madalla," in ji ta. "To ka ci tuwon da dabara. Miyar na aika wa ɗan wasanka, ya sha wahala."

Gaya ya ci, da ruwa. Washegari kuwa ya isa shagon askin da sassafe, yana bayanin yadda 'yan Ghana suka yi kuskuren rashin neman Nouhou tun bara.

Sanarwa: Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da zai same ka, a majalisa ne ko a gaban uwargida. In ka bi matakan nan ka ji kunya, kada ka zo ƙofata. Tun ranar da ka fara karantawa na ga ba za ka kai labari ba.