Safar Gudu da Albasar Ƙarshen Kanal

Wani ne a Tiga yake noman albasa can ƙarshen kanal, inda ruwa yake isa a gajiye, in ma ya isa. Masu inji sukan zuƙe rabonsu tun daga sama. Shi kuwa jarkoki gare shi da sandar rataye, yana ɗebowa yana bin fangali ɗaya bayan ɗaya. A ranin nan albasar ta fara kwantar da ganye tun ba ta yi kai ba.

Sai wata ƙungiyar matasa ta yi shelar gasa mai hawa uku. A yi iyo a dam, a fito a hau keke, a sauka a ƙarasa da gudu. Wanda ya zo na ɗaya za a ba shi injin ban ruwa sabo fil, har da tiyonsa.

Ya dawo gida ya ce wa matarsa Kaltume, "Na sa sunana a gasa."

Ta dube shi daga hula zuwa silifas. "Malam, rabonka da gudu fa tun ranar da zuma ta tashi a bayan masallaci."

"Ai ranar ni na fara isa gida."

"Gidan mutane dai. Sai da aka aiko na je na taho da kai."

Ranar kasuwa ya tafi Bebeji neman takalmi. A rumfar Hafizu mai gwanjo ya hango wata safa rataye, doguwa, ruwan lemo, siririya kamar hanjin akuya.

Hafizu ya ce, "Wannan ba ta sanyi ba ce, yallaɓai. Ta 'yan gudun ƙasashen waje ce. Matse sha-raɓa take yi, jini ya riƙa komawa sama."

"Tana ƙara sauri?"

"Wasu sun ce tana ƙarawa. Wasu sun ce ko kaɗan, gajiya kawai take ragewa bayan an gama. Masu binciken ma kansu bai haɗu ba."

"Masu binciken sun taɓa ban ruwa?"

"Ban tambaye su ba."

"Shi ya sa. In ka sa yatsa ka matse bakin tiyo, ina ruwa yake zuwa?"

"Nesa."

"In ka ƙara matsewa fa?"

"Ya ƙara nisa."

"To jini ruwa ne, ƙafa kuma tiyo ce. Ba ni wadda ta fi ƙanƙanta."

Hafizu ya tona dila ya zaro wata. "Wannan ta 'yar makaranta ce. Hannuna ma ba ya shiga."

"Ita nake so."

Abokinsa Mudi mai facin taya mutum ne da ba ya yarda da abu sai ya tsoma shi a ruwa ya ga ko yana fitar da kumfa. Ya juya safar, ya ja ta, ta koma ta bugi yatsansa. Ya ce, "Kafin ka dogara da ita, a gwada."

"Yaya za a gwada?"

"Ka yi gudu da ita, ka yi gudu babu ita."

"Gudu biyu? Ka ga na yi kama da mai ƙafa huɗu? Sa min a ta dama, ka bar ta hagu haka nan. Wadda ta riga isa, ita ce da gaskiya."

Mudi ya janyo benci.

Aka kwantar da mutumin a kai. Mudi ya kama bakin safa, mai shayi ya danne masa ƙirji, wani ɗan acaɓa ya taka bango yana ja. Da ta wuce dunduniya sai da aka ji ƙara irin ta buɗe kwalbar lemo. Aka ja layi a ƙasa gindin mangwaro, dattawan majalisa suka gyara zama don shaida.

Ya taho da gudu. Ƙafar dama ta fara tsallake layi.

Ya ce, "Kun gani."

Mudi ya ce a sake. Aka sake, ta hagu ta riga.

Majalisa ta rabu biyu. Wani dattijo ya ce ya ga dama, wani ya ce shi ƙura ya gani. Mutumin ya zauna yana haki, ya daɗe yana kallon ƙafafunsa, sannan ya ce, "Na gane. Ta hagun ce ta ji kunya ta ƙara himma. Safa ɗaya ke nan ta gyara ƙafa biyu. To ina ga an sa duka?"

Ranar gasa, yana idar da sallar asuba, ya tafi wurin Mudi. Aka sa safa biyu. Ya tsaya, ya taka, ya girgiza kai.

"Ina jin yatsuna."

"Ai haka ake so."

"In ana jin su, akwai sauran wuri. Kawo robar ɗaurin kaya."

Mudi ya yanko tsohon tub na taya, ya fara naɗewa daga idon sawu. Da ya kai gwiwa zai ƙulle, mutumin ya ce, "Wuce. Ba a matse tiyo rabi." Aka naɗe har cinya. Ya miƙe kamar an kafa turaku biyu an ɗora masa riga. A baro aka kai shi bakin dam.

'Yan gasa sun taru, yawancinsu 'ya'yan masunta, waɗanda suka iya ruwa kafin su iya gaisuwa. A cikinsu akwai Mujitaba, maƙwabcinsa na gona, saurayi mai sha-raɓa kamar tulu. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Kawu, hatsari aka yi?"

"Za a yi, in ka tsaya a gabana."

Aka busa usur. Kowa ya yi tsalle cikin ruwa, shi kuma Mudi ya karkata baro ya juye shi. Da hannu kaɗai ya yi iyon, ƙafafu na biye da shi a baya kamar baƙi. Wani masunci da ke cikin kwale-kwale ya bi shi a hankali, yana cewa yara su matsa, itace ne ruwa ya kawo. Ko da ya fito, sauran sun hau kekuna sun yi nisa. Safar kuwa ta sha ruwa ta ƙara kamawa.

Kekensa tsoho ne, birkinsa ya mutu tun zamanin mahaifinsa. Da tafin silifas yake tsayar da shi, ya lanƙwasa gwiwa ya danne tayar gaba. Mudi ya ɗaga shi ya ɗora a kan sirdi. Ƙafafu suka miƙe gaba, ɗaya nan ɗaya can, ba su san da feda ba.

Mudi ya ce, "Da me za ka tuƙa?"

"Tura kawai. Jini zai yi sauran."

Hanyar keken gangara ce tun daga kan dam har cikin gari. Mudi ya tura.

Ya wuce na ƙarshe. Ya wuce 'yan tsakiya, suna ta kiran sunan Allah suna ratsewa. Ya wuce motar ƙungiya mai ɗauke da ruwan leda. Wani Bafillace ya janye shanunsa gefe, ya bi shi da kallo, ya ce bai taɓa ganin almakashi a kan keke ba. Can gaba ya cimma Mujitaba, wanda ya sunkuya yana zuba gumi a kan kan keke. Ya wuce shi a zaune, ko numfashi ba ya yi da ƙarfi.

Ya waiwayo ya ce, "Safa ce, yaro."

A wurin sauka, alƙalan gasa suna ɗaga tuta suna cewa ya tsaya. Ya ce su gaya wa keken. Tarin karan dawa ne ya karɓe shi a bayan rumfarsu. Aka zaro shi, aka kakkaɓe, aka tsayar da shi a bakin layin gudu. Shi ne na ɗaya, babu kowa ko a hange. Daga inda yake yana ganin injin can ƙarshen fili a kan tebur, an ɗaura masa jan ƙyalle.

Alƙali ya ce, "Bismillah, Malam, ruga."

Ya ce wa ƙafar dama ta tafi. Ba ta amsa ba. Ya juya ga ta hagu, ita ma shiru.

"Malam, gudu ake yi."

"Na sani. Jinin yana taruwa ne. In ya ɓalle, ku dai ku kauce."

Mujitaba ya iso, ya jefar da keke, ya ce, "Sannu, Kawu," ya wuce. Na biyu ya wuce. Aka yi ta wucewa. Wani mai tallan rake ya jingina kekensa a jikinsa, sai da ya yi tari sannan ya ba shi haƙuri. Yana nan tsaye aka kunce jan ƙyalle, aka miƙa wa Mujitaba inji, aka yi hoto, aka kwashe kujeru.

A baro aka mayar da shi gida. Mudi ya yanke roba, amma da ya kai reza kan safa mutumin ya riƙe masa hannu. Kaltume ta kaɗa ɗanyar kuɓewa kwano guda, aka ɗura ta bakin safar, maza suka kama, yauƙi ya yi aikinsa. Da ta fita, ƙafafun sun yi fari, da zanen saƙa a jiki kamar tabarma.

Washegari duk wanda ya yi gasa yana tafiya kamar an yi masa kaciya. Shi kuwa garau ya tashi.

Ya ce wa Kaltume, "Kin ga zancen Hafizu. Ko gajiya babu."

"Malam, ai ba ka yi gudun ba."

"Su da suka yi, me ya hana su sa safa?"

Ya wanke ta, ya shanya, ya ninke a aljihu, ya tafi dubiya gidan su Mujitaba. Ya tarar da shi kwance a soro, sha-raɓa ta kumbura, ko bayan gida sai an riƙe shi. Mai unguwa ma ya zo barka yana zaune. Injin yana gefe cikin kwalinsa, ba a ko zuba masa mai ba.

Mutumin ya tashi ya yi tsalle a gabansu, ya sauka. Ya ce, "Tare muka yi gasar nan ko ba tare ba?"

Mujitaba ya ce, "Tare, Kawu."

"To dube ni, dubi kanka."

Mujitaba ya duba. Ya ce, "Ko za ka ara min?"

"Abu ne mai wuyar samu. Daga ƙasar waje ta zo, kuma babu irinta a dilar." Ya kai idonsa kan kwali. "Amma maƙwabtaka ta wuce haka. Ga shi kai ma injinka zaune yake, zama kuwa yana ɓata inji. Aro da aro. Ranar da ka dawo min da safata yadda na ba ka, ba yanka ba ɓula, ka ɗauki abinka."

Mai unguwa ya ce wannan magana ta yi, shi shaida ne.

Sa wa Mujitaba safar 'yar makaranta sai da aka kira 'yan dako daga tasha. Mutumin bai tsaya ganin ƙarshe ba, ya saɓa inji ya yi gona.

Kwanaki suka shuɗe. Albasa ta ɗago, ganye ya yi kore shar, har masu wucewa suna tsayawa. A gidan su Mujitaba kuwa an gwada kuɓewa, an gwada karkashi, an gwada man shanu da sabulun salo. Safar ta samu wurin zama. Liman ya zo ya duba, ya ce wannan lalura ce. An ɗauko reza, mai unguwa ya aiko a tuna musu sharaɗi.

Ran nan da hantsi Inna Hauwa, mahaifiyar Mujitaba, ta yafa mayafi ta bi kanal har ƙarshe. Ta sami mutumin tsaye cikin fangali, inji na ruri, ya sa yatsa a bakin tiyo yana feshi. Ya rage wuta, ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi mai jiki.

Ta ce, "Mai jiki yana nan inda ka bar shi. Kai ka ce abin nan yana warkar da ƙafa. Yaro ya ci gasa a gaban jama'a, yanzu da gindi yake zuwa alwala. Yaushe za ta sake shi?"

Ya dubi fangalinsa daga wannan gefe zuwa wancan, ya tsuguna ya tona gindin wata albasa, ya auna kanta da yatsu, ya mayar da ƙasa.

Ya ce, "Ki ce ya ƙara haƙuri, Inna. A hankali take aiki. Ko su Turawan da suka yi ta, sai bayan an kwashe albasa suke cirewa."