Ranar da na yi gudu da zanna

Da likita ya ce in fara gudun safe saboda tumbi, ban tsaya wasa ba. Na shiga kasuwar Sabon Gari na sayi kambas da wando. Mai shagon ya miƙo mini hana-salla.

"Alhaji, haɗa da wannan, tana shan gumi."

Na dube shi sama da ƙasa. Ni, magidanci mai 'ya'ya biyar, in sa hular samari? Ina da zanna sabuwar wanki, ta sha sitaci tana tsaye ƙyam.

Washegari na kafa ta, na karya gefe, na hau titin Samaru. Ashe a garin nan ba a taɓa ganin mai zanna yana gudu don nishaɗi ba. Mai shayin unguwarmu ya yar da ludayi.

"Alhaji, lafiya? Gobara ce?"

Na ɗaga masa hannu cikin isa. Kafin in kai kwana mutum huɗu na bina, ɗaya da bokiti.

Sannan gumi ya sauko da sitacin cikin idona. Hular ta langaɓe a kaina kamar burodin da aka tsoma a shayi. Ban ga kwatar bakin titi ba, sai dai na ji ni a ciki.

Mai bokitin bai yi asarar ruwansa ba, ya sheƙa mini.

Shekara biyu ke nan. Har yau in na sa zanna zan tafi ɗaurin aure, matata sai ta leƙo ta ce, "Maigida, a tanadi bokiti ne?"