Ranar da Na Juya wa Malam Littafi

Ina da shagon kwamfuta a Bebeji, kuma a lokacin gani nake daga nan har Tudun Wada babu wanda ya kai ni iya tsara shafi. Da Malam, dattijon da ya karantar da mahaifina, ya kawo littafin addu'o'i na ajami da ya yi shekaru yana rubutawa, ko gama bayani ban bari ya yi ba.

"Allah gafarta Malam, bar mini kawai. Ni da nake tsara kalandar 'yan siyasa?"

Na yi wa shafuka ado, na jera su daga hagu kamar littafin boko. Da mai ɗab'i ya bugo waya daga Kano yana tambaya, "Maigida, ka tabbata haka za a ɗinke?" sai na ce ya tsaya a kan aikinsa.

Ranar walima aka raba littafin a zauren Malam. Ya gyara tabarau, ya buɗe ta dama, yadda ake buɗe ajami. Addu'ar rufewa ya fara tararwa, bisimilla tana can ƙarshe.

Da faɗa ya yi mini, da na fi samun sauƙi. Hannu kawai ya ɗaga ya ce, "To jama'a, an kammala. A shafa."

Kowa ya shafa.

Har yau, in na iso majalisa na yi sallama, amsar da nake samu ita ce, "Sauka lafiya, a gai da gida."