Masu Jego a Rufin Ɗakin Haihuwa

Jiya da hantsi aka kore ni da buhuna, da furfurata da komai, a kan kashin jemage. Ba a ko'ina ba sai a ɗakin haihuwar nan da masu girma suka gina mana a ƙauye, suka yanka ƙyalle, suka ci rago, suka ce ungozoma tana tafe. Ungozoma dai shiru, jemagu ne suka tare. Da yake takin zamanin da aka yi mana alkawari shi ma yana tafe, kashinsu nake sharewa in kai gona, gero kuma bai taɓa yi mini ƙorafi ba.

Ina isa na tarar da farar mota a ƙofa. Wai masana ne aka turo, suna zagaya ƙasar Kurfai don su gano inda jemagu ke kwana. Babbansu ya yi mana bayani cikin natsuwa: wannan irin ba ruwansa da kuka ko gawo, ya fi son gini mai rufi, mai duhu, wanda ɗan Adam ba ya shiga. Na ce ranka ya daɗe, ai da kun huta da ƙona mai, ku tambayi duk inda aka taɓa yanka ƙyalle.

Maƙwabcina Zaidu bai yi dariya ba. Matarsa Habsa ta shiga watanta, kuma jaririnsu na bara a kan amalanken jaki suka rasa shi, kafin su kai asibitin Filinge. Ya matso ya cire hula.

"Yallaɓai, tunda kunka buɗe, a bari mu share ɗaki guda mana. Ko tsohuwa munka samu ta zamna da ita, ya hi hanya."

Masanin ya girgiza kai. "Ba yanzu ba. Lokacin haihuwar jemagun ne. In aka tashe su, yar da ƴaƴan za su yi."

Ya kore mu waje, ya sa sabon kwaɗo, ya ja wa mai gadi kunne. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina kallo Zaidu ya juya gida ya hau duba tayar amalanke.

Saboda haka masu yawo da bakin cewa ba a taɓa haihuwa a ginin nan ba, ku ji tsoron Allah. Ana haihuwa duk shekara, har da mai gadi a ƙofa. Habsa ce dai ba ta iya rataya kai ƙasa ba.